Yadda Muka Raini Yaron da Jikinsa Ya Ƙi Nonon Shanu

Gidanmu gidan nono ne. Surukina, Allah ya jiƙansa, ya bar shanu a hannun Fulanin da ke zaune bayan garinmu, nan ƙasar Ringim, kuma har yau da wuya a kwana biyu ba a shigo mana da ƙwaryar kindirmo ba. Baƙo ya zo, fura. Mai jego fura, mai buɗa-baki fura, wanda ya dawo daga gona fura. Tuwon dare kuwa in ba a zuba man shanu a miya ba, Inna, mahaifiyar maigidana, cewa take an yi wa tuwon rowa. To a irin wannan gida Allah ya ba ni yaron da nonon shanu ke zame masa ciwo.

Shi ne na uku a wurina. Na haife shi a daminar 2022, shekarar da ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a Jigawa, mu ma ba ta bar mu ba. Wata shida na farko nonona zalla ya sha kamar yadda ake gaya mana a wurin awo, ko ruwa ban ba shi ba duk da surutun da na sha. Ya yi ɓulɓul, ya iya zama a kan lokaci, kowa ya ɗauke shi sai ya ce tubarkalla. Da ya cika wata shida na fara dama masa kamu ina ɗan zuba garin madara, Inna kuma in tana shan furarta sai ta ɗora shi a cinya ta riƙa lasa masa kindirmo da yatsa. Haka aka yi wa yayyensa biyu, babu abin da ya same su.

Shi sai ya fara amai. Ba nan take ba, sai an yi awa biyu ko uku da shan kunun. Daga nan gudawa mai majina-majina, wani lokaci da ɗan zaren jini a ciki. Fatar kumatunsa ta bushe tana saɓa, bayan gwiwoyinsa da lanƙwasar hannuwansa suka fito da ƙuraje masu ƙaiƙayi, har sai na sa masa safa a hannu da dare don kada ya yage kansa. Ga kukan dare, yana naɗe ƙafafu zuwa ciki yana miƙewa. Wanda bai taɓa kwana da irin wannan yaro ba, ba zai gane abin da nake nufi ba.

Kowa da tasa fassarar. Wasu suka ce haƙori ne. Wasu suka ce nonona ne ya lalace, har aka riƙa tambayata a ɓoye ko ciki gare ni. Wata gwaggon maigidana ta ce baki ne ya kama shi saboda ƙibar da ya yi yana jariri. An yi rubutu, an yi tofi, addu'a kam har gobe ba mu bari ba. Kemis ma mun je, aka haɗo mana kwalabe na gudawa da na amai, a lokacin nan na farkon 2023 da takardar kuɗi ta yi wuya saboda canjin kuɗi, mutum na da abinsa a banki amma ba ya iya sayen magani. Ya ɗan lafa ya dawo. Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne, duk sanda ya rame sai a ƙara masa nono, tunda a saninmu shi ne abincin da ke mayar da jiki.

Ya shekara ɗaya bai yi rarrafe sosai ba, sai jan gindi. Bai kama abu ya miƙe ba. Sa'anninsa a layinmu har sun fara takawa ana yi musu tata. Shi kuwa in na sauke shi daga baya sai ya zauna shiru yana bin mutane da ido, ko gwalantun nan na yara bai cika yi ba.

Malamar asibitin garinmu ce ta fara kama bakin zaren. Ta ɗora shi a sikeli, ta buɗe katinsa, ta nuna mini layin nauyinsa: ya hau har wata shida, daga nan ya kwanta. Ta ɗauko ɗan tef ɗin nan mai launi uku ta zagaya damtsensa na hagu. Ta ce in ya faɗa kore, wato santimita 12.5 zuwa sama, lafiya lau. In ya faɗa ja, ƙasa da 11.5, tamowa ce mai tsanani; nasa yana cikin ruwan ɗorawa, tsakanin biyun. Ba ta tsaya nan ba. Ta zaunar da ni ta ce, "Maman yara, faɗa mini duk abin da ke shiga bakin yaron nan daga asuba zuwa dare, kuma yaushe aka fara ba shi kowanne." Ina lissafawa tana rubutawa. Da na gama ta ce ita ba za ta yanke hukunci ba, amma tana zargin madara, ta ba mu takarda zuwa babban asibiti. Daga can aka tura mu Kano, asibitin Malam Aminu Kano, wurin likitocin yara.

Lokacin an riga an cire tallafin mai, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi. Akuya Malam, maigidana, ya sayar muka tafi.

An gwada bayan gidansa, an gwada jininsa, aka ce jinin ya yi ƙasa. Likitan ya yi mana bayani da Hausa tsaf, kuma bayanin nan shi nake maimaita wa duk matar da ta tambaye ni. Ya ce matsalar madara iri biyu ce da mutane ke haɗawa. Akwai yaron da cikinsa ba ya iya narkar da sukarin da ke cikin madara, musamman bayan ya sha doguwar gudawa. Wannan kumburin ciki da iska da zawo yake yi, kuma sau da yawa in hanjin ya warke sai ya wuce. Akwai kuma wanda garkuwar jikinsa ce take ɗaukar furotin ɗin nonon shanu, wato sinadarinsa mai gina jiki, a matsayin abokin gaba, sai ta tayar da faɗa a hanji da fata. Alamun ɗana, in ji shi, sun fi kama da na biyun. Irin wannan ko an mayar da nonon kindirmo, ko an tafasa shi, ko an shanya shi ya zama gari, furotin ɗin yana nan. Na ce to nonon akuya fa, tunda muna da su? Ya ce a'a, na akuya da na tunkiya sun yi kama da na saniya ƙwarai, yawancin yaran da suka ƙi wannan suna ƙin waɗancan.

Hanyar tabbatarwa kuma ba wata na'ura ba ce. A cire duk wani abu mai madara na mako biyu zuwa huɗu a ga ko zai warware, sannan a sake gwada masa kaɗan a gaban likita a ga ko ciwon zai dawo. Ni ma ya ce in dakata da fura da nono na wannan lokacin tunda ina shayarwa, kuma kada in kuskura in yaye shi, nonona ne babban abin da ya rage masa. Akwai madarar gwangwani ta musamman da ake yi wa irinsu, amma kuɗinta ba na talaka ba ne, kuma sai a birni. Ya ba mu maganin ƙarin jini na ruwa da man shafawa na fata. Ya kuma ja mana kunne: duk ranar da muka ga leɓensa ko harshensa ya kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya bayan cin wani abu, kada mu tsaya neman komai, asibiti mafi kusa kai tsaye.

A mota muna dawowa Malam ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, a daina ba shi kawai." Ni dai na yi shiru, don na san gidan da za mu koma.

Inna ta ji bayani ta ajiye ludayinta. "Yanzu ni za a hana in ba mijina fura? Ubansa da me na raine shi? Ku dai 'yan zamani, in an je asibiti sai an dawo da sabon addini." Ba mugunta ba ce, ina so a fahimce ni. Tsohuwar nan ta fi kowa son yaron. A wurinta hana jika nono daidai yake da a ce ba ta iya riƙo ba, kuma surukarta ce ta zo da maganar. Ni ba ni da bakin yi mata gardama, ɗanta ma kunyarta yake ji. Ga gida babba, faccalolina biyu da yaransu, kowa ya ga yaro sai ya ɗan gutsura masa abin da ke hannunsa.

Sai a lokacin na san yawan wuraren da madara ke ɓuya. Alewar madara da yara ke talla. Biskit. Shayin safe. Garin koko na gwangwani da ake haɗa shayi da shi. Wani burodin, cincin ɗin biki, yogot ɗin leda da ake kawowa ranar kasuwa. Man shanun miya, wanda sai da na koma ɗebe masa miyarsa kafin a zuba. Har ludayin da aka dama fura da shi in ba a wanke sosai ba. Likita ya rubuta mana sunayen da madara ke zuwa da su a jikin leda da Turanci, babbar 'yata mai zuwa firamare ita ke duba mana. Na ware masa kofinsa da cokalinsa da 'yar robarsa, na ɗaura musu jan zare. Wata maƙwabciya da tausayi ya kama ta ta kawo mini ledar abincin tamowa, irin mai kama da tunkuza da ake rabawa a asibiti, wai saura ne na ɗanta. Na kai wa Malama ta gani, ta ce in mayar: gyaɗa ce da sukari da mai da garin madara a ciki, magani ne ga yaran da aka rubuta wa, amma ba irin nawa ba.

Kafin makonnin su cika gudawar ta tsaya. Fatar ta fara laushi. Ya kwana har asuba, na farka a firgice ina taɓa shi.

Dabarar da ta raba gardama ta Malam ce. Ranar komawa Kano ya ce, "Inna, ki shirya ki raka mu, ke ce babba, ke ya kamata likita ya yi wa bayani." Ta ji daɗin wannan girmamawa ta shirya. Likitan ya gaishe ta har da rusunawa, yana ce mata Hajiya, ya tambaye ta yadda take ganin jikan nata yanzu. Ta ce ai ya samu sauƙi, addu'a ce. Ya ce ƙwarai addu'a ce, bari kuma mu gwada wani abu tare. Aka ba shi madara 'yar kaɗan, aka ce mu zauna. Kafin la'asar ya yi amai a zanenta, washegari majinar nan ta dawo a bayan gidansa, kumatun suka sake tashi. Gani ya kori ji. Tun daga ranar Inna ta zama mai gadinsa. Ko a gidan suna ne, in wata ta miƙo masa abu sai ka ji muryarta daga nesa: "Ke, me ke cikin wannan? Mijina ba ya shan nono, kada ki kashe mini aure."

Cirewa kenan. Aikin da ya fi shi girma shi ne abin da za a sa a madadinsa, domin nono ba ƙaramin abinci ba ne: yana gina jiki, yana ƙarfafa ƙashi, yana da maiƙo. Yaron da aka hana shi aka bar shi da farin koko tsararo, an fitar da shi daga wani ciwo an jefa shi wani.

Malama ce ta koya mini garin kunun da ya tashe shi. Gwangwani shida na gero, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. Waken nan sai na jiƙa shi ya kwana, in murje ɓawon, in shanya ya bushe ƙarau, sannan in soya shi a kasko sama-sama har ya yi ja ya daina ƙarnin ɗanye. Gyaɗar ina zama in tsince ta ɗaya-ɗaya, duk wadda ta yi fumfuna ko ta yanƙwane in zubar, don fumfunar gyaɗa guba ce ga hanta. Geron ma a wanke, a rege, a shanya, a ɗan soya. A haɗa a kai inji, amma sai na tsaya a kan mai injin ya kakkaɓe shi. Kunun kuma ba a dama shi a sauke, sai ya dahu a kan wuta, ya yi kaurin da in ka karkata cokali ba zai zube ba. Cikin yaro ɗan ƙarami ne, in ka cika shi da ruwa babu wurin abinci. A ƙarshe in zuba ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa.

Ban haɗa su rana ɗaya ba. Likita ya gaya mana wasu yaran da suka ƙi madara suna ƙin waken suya ma, gyaɗa da ƙwai da kifi kuma suna cikin abubuwan da ke tayar wa wasu borin jini. Don haka kowane sabon abu shi kaɗai nake fara ba shi, da safe, ɗan kaɗan, in sa ido kwana uku kafin in ƙara wani. Ina da wani tsohon littafin makarantar 'yata da nake rubuta abin da ya ci da yadda ya kwana. Alhamdulillahi duk ya karɓe su.

Don ƙashi, miyar kuka ta zama tasa kusan kullum, ga riɗi da Allah ya hore mana a Jigawa, ina soya shi in daka in barbaɗa a kunu. Ƙananan busassun kifin nan da ake kawowa daga wajen Haɗeja, ina gyara su in daka har da ƙayarsu su zama gari, cokali guda a miyarsa. Zogale a inuwa nake shanya shi, ba a rana ba. Don jini kuwa, ranar kasuwa Malam kan sayo 'yar hanta, ko ta kuɗi kaɗan ce, in dafa in murje masa a cikin faten wake ko dankali. In akwai lemo ko gwaiba in ba shi bayan abincin, suna taimaka wa jiki ya ɗebi sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da ganye. Shayi kuma akasin haka yake yi, shi ya sa ko baƙinsa ba na ba shi. Kabewa in ta zo, mangwaro da bazara, awara da yamma. Abinci sau uku ko huɗu a rana, da ɗan abin taɓawa a tsakani, ga nonona duk sanda ya nema.

Ƙwai ma sai da aka yi muhawara a kansa. Kun san maganar da ake yi, wai yaron da ya saba cin ƙwai ɓarawo zai zama. Ni a ganina tsofaffi sun ƙirƙiro ta ne don a bar kaza ta yi kwanci. Da daminar 2024 ta zo zabin gidanmu suka fara zuba ƙwai, Inna da kanta take ware masa ɗaya kafin a kai sauran kasuwa, ta ce in ya yi satar a ɗakinta zai yi.

Ba kullum ake samun duk wannan ba, kada wata ta karanta ta ɗauka mu masu hali ne. A 2024 hatsi ya yi tsadar da ban taɓa gani ba, kuma watan Agusta kafin sabon gero ya shigo rumbu ya yi ƙasa. Akwai makon da kunun nan da miyar kuka da wake ne kawai. Abin da na riƙe shi ne kada rana ta faɗi bai ci wani abu mai gina jiki ba, ko yaya ƙanƙantarsa.

Tef ɗin Malama ya koma kore a hankali. Amma tafiya da magana ba daga tukunya kaɗai suka fito ba, kuma nan ne nake saɓa wa masu cewa abinci ne maganin komai. A Kano an duba jinsa aka ce lafiya, aka kuma haɗa mu da masu gashin ƙashi na asibitin suka nuna mini abin da zan riƙa yi masa a gida. Na rage goyo, don yaron da ke baya yini guda ba ya motsa ƙafa. In shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in ajiye gwangwani mai tsakuwa a ciki, an toshe bakinsa, nesa da shi kaɗan don ya bi. In kifa turmi ya dafa ya miƙe. Suka ce in riƙa yi masa magana ina kallon idonsa, ina faɗa masa sunan duk abin da nake yi, ko wanke-wanke ne. Da farko na ji abin banbaraƙwai, faccalata har dariya take mini wai na samu abokin hira. Yayyensa na dawowa daga allo su zagaye shi da waƙa da tafi. Bayan ƙaramar sallar 2024, yana da wata ashirin, ya saki turmin ya taka zuwa wurin Inna. Magana ta fi jinkiri. Sai da ya haura shekara biyu ya fara haɗa kalma biyu, kuma har yanzu sa'anninsa sun ɗan fi shi baki, ko da yake tazarar tana raguwa. Rigakafinsa, da ɗigon bitamin A da ake yi duk wata shida, da maganin tsutsar ciki, ban bari ko ɗaya ya wuce shi ba.

Na yaye shi bayan ya cika shekara biyu, kuma a gida, ban kai shi wurin mahaifiyata ba kamar yadda aka saba, don can ma gidan fura ne kuma ba su san dokokinsa ba. Ta ɗan ji haushi, daga baya ta huce.

Tunda labarin ya bazu, mata kan zo mini da yaransu, wannan na gudawa, wancan bai yi tafiya ba, su ce ko su ma su daina ba da nono. Amsata ɗaya ce: a'a, sai an duba. Gudawar yawancin yaran ƙauyenmu daga ruwa ne da ƙazantar hannu da kofi, maganinta ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc ta kwana goma, da zuwa asibiti in ta ƙi. Akwai wata da ta cire wa 'yarta nono da kanta wata da watanni, yarinyar ta ƙara ramewa, ashe ciwon sikila ne. Nono alheri ne ga yaron da jikinsa ya karɓa, yayyen nawa har yau suna sha. Masu tallar garin magani a waya da a kasuwa, wai yana sa yaro ya yi magana cikin mako guda, su ma ban taɓa ba su sisina ba.

Likita ya gaya mana tun farko cewa yawancin irin waɗannan yara jikinsu na daina faɗa da madara kafin su kai shekara biyar, wasu ma tun suna uku. Da ya cika uku muka koma, aka fara gwada shi da ɗan gutsuren biskit mai madara, saboda wadda aka gasa cikin fulawa ta fi sauƙin karɓa. Ya ci lafiya, kuma yanzu yana ci a gida bisa ƙa'idar da aka ba mu. Kindirmo da madarar shayi ba a kai gare su ba tukuna, sai mun koma bayan kaka. Ya fara bin yayyensa makarantar allo, na je da kaina na yi wa matar malamin bayani saboda sadakar fura da ake kai musu ranar Alhamis da Juma'a, ta ce za ta riƙa ware masa ƙosai.